Tiyo Mai Ninki Uku

Maigidana karatun roba ya yi a Ingila. In na faɗi haka yanzu sai mutane su yi murmushi, kuma a lokacin ma sun yi. Gwamnati ce ta tura shi ya koyo yadda ake dafa roba da yadda ake sarrafa ta, ya dawo da takardar shaidarsa, da akwatin littattafai, da wani tari mai naci da sanyin can ya bar masa. Da ya iso sai aka ba shi tebur a ma'aikata, aka ba shi hatimi, aka ba mu gida a Nassarawa. Aikinsa daga safe har a tashi shi ne duba takardun 'yan kasuwa yana sa hannu. Roba kuwa, tun da ya sauka a Kano bai ƙara taɓa ta ba sai in zai ɗauki buta.

Ni ina koyarwa a makarantar 'yan mata, shi ya sa yake ce mini Malama, ni kuma ina ce masa Malam, kamar a ofis muka haɗu. Gidan da aka ba mu tsohon gidan Turawa ne, baranda ta zagaye shi, ga fili gaba da baya wanda ya fi ƙarfinmu. Akwai mangwaro, akwai lemo, akwai ciyawar nan da Bature ya shuka ya tafi ya bar mana wahalar ba ta ruwa. A shekarun ne kuɗin mai ya shigo ƙasar nan. Maƙwabtanmu kowa ya canza mota, wasu suka ƙara ta biyu, kantuna suka cika da kayan waje har ba wurin sa ƙafa. Abin da ya lalace ba a gyara shi, jefarwa ake yi a sayo wani.

Cikin abubuwan da ake jefarwa har da tiyon ban ruwa. Kore ne shar, mai sheƙi, ana kawo shi a naɗe daga ƙasashen da rana ba ta da zafi. Ranar da ka saye shi sai ka ji kamar ka rataye shi a falo don kyau. Amma bari bazara ta same shi kwance a kan tsakuwa. Da farko zai ƙandare, sannan ya koɗe, sannan ya fara tsatstsagewa, in direba ya bi ta kansa da mota kuwa shi ke nan. Masu lambu su yi ta ɗaure shi da tsohuwar robar tayar keke har ya zama duk ƙulli, ruwan da ke fita ta gefe ya fi wanda ke kaiwa ga shuka. A bayan kowane gida a layinmu akwai tarin matattun tiyo, kuma ba wanda abin ya dama.

Maigidana ma abin bai dame shi ba sai ranar da ya dawo daga ofis cikin fararen kaya, ya zo zai tsallake namu, ya fashe masa a ƙafa. Na fito baranda ina ƙyaƙyata dariya, don abin dariya ne: babban ma'aikaci tsaye da jaka a hannu, jiƙe sharkaf har gwiwa, jar ƙasa ta fantsamar masa har ƙirji. Shi bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Cewa ya yi in miƙo masa wuƙa. Na kawo masa ta yankan albasata, ya tsuguna a cikin caɓin ya yanko guntu, ya ɗaga shi sama yana leƙen bakinsa.

"Malama, zo ki gani," in ji shi. "Ninki ɗaya ne tak. Roba guda aka ce ta riƙe ruwa, ita za ta jure ƙarfinsa, ita kuma za ta sha rana. Ina za ta iya?"

"To, ka shiga ka canza kaya, abinci na hucewa."

"Uku ya kamata a yi. Na ciki mai laushi, aikinsa kawai kada ruwa ya fita. Na tsakiya zare, a saƙa shi ya rungume na cikin, shi zai hana kumburi, shi zai hana ƙullewa in an ja shi. Na waje baƙi mai kauri irin na tayar mota, don baƙar roba ce rana ba ta ci da wuri. Kowa da aikinsa."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Tun da muka yi aure na san shi mutum ne mai sanyi, in ka ba shi tuwo ya ci, in ka ba shi shinkafa ya ci, ba ya cewa wannan ya fi wancan. Ranar ce na fara ganin mutumin da aka ce an tura Ingila. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na san masu sanyin hali in suka kama abu ba sa saki.

A ƙarshen layinmu akwai wani Alhaji mai masana'anta a Bompai, inda ake yin silifas da bokitai. Gidansa ya fi namu nesa ba kusa ba, lambunsa kaɗai ya isa a yi wa wani gida a ciki. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya. Maigidana ya same shi wata Juma'a bayan an sauko, ya nuna masa zanen da ya yi da guntun da ya yanko. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce:

"Injiniya, ni ɗan kasuwa ne, zane ba ya gaya mini komai. Ka yi shi in gani da idona. Injinana suna hutu ran Lahadi, je ka yi aiki da su. In ka gama ka kawo lambuna a ajiye. In ya sha bazara, ya sha damina, ya dawo ya yi ban ruwan rani ba faci ko ɗaya, zan kawo injin da ya dace in ɗora ka a kai. Sai ka bar musu hatiminsu."

A kan wannan maganar muka zauna shekaru. Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaida ba, maganar babban mutum ce a barandarsa. Maigidana ya dawo gida yana maimaita mini ita kalma kalma, musamman ta ƙarshen. Ashe hatimin nan ya ishe shi fiye da yadda na sani.

Ninkin ciki da na waje ba su ba shi wahala sosai ba, injin Alhaji na iya fitar da su in an lallaɓa shi. Na tsakiya ne matsalar, don duk Kano ba injin da zai saƙa zare a jikin tiyo. Ya yi ta juya abin a ransa, har wata safiya yana ɗaura wando na ga ya tsaya ya ƙura wa zariyarsa ido. Zariya ai saƙa ce mai rami a tsakiya. Ranar bai je ofis ba. Ya shiga birni ya yi ta tambaya har aka kai shi wani zaure inda wasu dattawa ke kitsa zariya da igiyar laya tun tasowarsu. Ya ba su tiyon ciki, ya nuna musu yadda yake so su kitsa zaren auduga a jikinsa daga wannan baki zuwa wancan. Babbansu ya juya abin a hannu, ya ce shi dai bai taɓa yi wa roba kitso ba, amma ba zai gagara ba. Maigidana ya jaddada musu abu ɗaya kafin ya fito: ƙarfi yake so, ƙarfin da ya fi na kowace zariya da suka taɓa yi.

Daga nan gidana ya koma wurin gwaji. Bahon wanka ya cika da guntaye a jiƙe, sai mun kwashe su kafin mu yi wanka. A kan kwanon gareji ya jera wasu suna shan rana, kullum da la'asar sai ya hau tsani ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana kai su kusa da ido. Wata rana na buɗe tanderun kicin zan gasa kek ɗin da na yi wa malaman makarantarmu alkawari, na tarar da roba kwance a ciki, wai yana so ya tsufar da ita da wuri. Na fitar, na goge, na gasa, kek ya fito yana warin taya. Faɗan da na yi ranar sai da mai lambunmu ya bar aikinsa ya sulale bayan gida. Maigidana ya tsaya yana ba ni haƙuri, amma idonsa na kan robar da na jefar a ƙasa, so yake ya san ko ta tsage.

Ni ce kuma direbar gwajin taka shi da mota. Zai shimfiɗa tiyon a kan tsakuwar ƙofar gida, ya buɗe famfo, ya kwanta rub da ciki a gefe, ya ce, "Taho, Malama. Koma baya. Sake tahowa, a hankali." Matan maƙwabta su wuce a bayan motocinsu suna leƙenmu ta gilashi. Ɗaya daga cikinsu ta tare ni a gidan suna ta ce ta ji an ce Malam ya fara sana'ar faci. Na ce mata ƙwarai kuwa, in nata ya huje ta aiko. A gida ina yi masa tsiya son raina, amma ban yarda wata ta taya ni ba.

Kafin zafi ya shigo ya kammala na farko, muka saka shi a bayan mota muka kai gidan Alhaji. Gaskiya ba shi da kyan gani. Baƙi ne ƙirin, mai nauyi, masu lambun suka karɓe shi suna gunaguni wai zai karya musu kafaɗa. Bazarar shekarar ba ta yi wa kowa sauƙi ba, kwalta har narkewa take a titi. Namu koren na gida ya mutu kamar yadda ya saba. Na maigidana kuwa yana nan kwance a tsakar rana, motocin Alhaji da na baƙinsa suna bi ta kansa, bai ƙandare ba, bai huje ba. Kullum in za mu fita da safe sai ya bi ta ƙarshen layi ko da ba hanyarmu ba ce, ya rage gudu a bakin get ɗin, ya leƙa, sannan mu wuce. Na sha makara a makaranta saboda wannan leƙen.

Ana cikin haka aka ce an yi masa ƙarin girma, amma sai ya koma Ikko. Ya ce ba za shi ba. Ranar da ya gaya mini ina tsaye ina guga, na ajiye dutsen.

"Malam, ka san abin da kake yi kuwa? Waɗanda kuka dawo tare, wane ne bai kafa gida a Hotoro ba? Wannan da muke ciki na gwamnati ne. Ranar da aka ce mu fita, ko mangwaro ɗaya ba za mu ɗauka ba."

"In na tafi Ikko wa zai duba shi?"

"Tiyo ne fa, ba jariri ba!"

"Malama, shekara da shekaru ina sa hannu a kan abin da wasu suka ƙera. Ina so kafin in mutu in riƙe abu ɗaya in ce ni na yi shi."

Na ɗauki dutsen na ci gaba da guga, ba don na yarda ba. Aka ba wani na ƙasa da shi kujerar, ya tafi, bayan wani lokaci ya dawo Kano a matsayin shugabansa.

Damina ta sauka, aka daina ban ruwa. Masu lambun Alhaji suka naɗe tiyon suka jefa shi bayan bishiyoyin lemo a kan ƙasa, yadda suke yi wa kowane tiyo. Maigidana ya gani bai hana ba, ya ce hakan ma yana cikin gwajin, ba wanda zai sayi abin ban ruwa ya kai shi ɗaki ya lulluɓe. Da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, aka sa ranar da za a sake haɗa shi da famfo. Maigidana ya ce in zo mu je tare. Muka tarar da Alhaji a baranda da baƙinsa, ni na tsaya daga gefe kusa da ƙofar cikin gida.

Aka warware shi, aka buɗe famfo. Ruwa ya fita ta bakin, fes. Na ga kafaɗun maigidana sun sauko. Can sai wani wuri a tsakiya ya fara tasowa, sai wani a gaba, sai wani, tiyon ya yi ƙulu-ƙulu kamar hanjin rago da aka hura. Kafin a kai ga famfon ya fashe a wurare da yawa a lokaci guda. Ɗaya daga cikin baƙin ya saki dariya, sannan ya haɗiye ta. Maigidana ya karɓi wuƙa a wurin mai lambu ya tsaga shi a tsaye. Ba zare a tsakanin ninkin biyu, ko ɗaya. Jar ƙasa ce cike, da gara tana ta gudu. Ta baki ta shiga, inda zaren ya leƙo, ta bi shi tana ci har ƙarshe, ta bar robar waje lafiya lau.

Abin ya ɗaure masa kai. Gara na cin auduga, kowa ya sani, amma ba da irin wannan haɗamar ba, ta bar itace da busasshen ganye ta kutsa cikin ramin da ko allura da ƙyar. Kashegari ya koma birni da guntun a hannu. Babban dattawan ya duba, ya yi salati, ya ce ai zaren zariya ba a kitsa shi haka nan. Sai an jiƙa shi a ruwan gasara an shanya, shi ke sa ya tsaya ya yi ƙwari, haka suka tarar ana yi. Da yake kuma Malam ya nace a kan ƙarfi, sai suka dama gasarar da kauri, suka tsoma zaren suka shanya, suka sake tsomawa. Ba su ma gaya masa ba, don so suke ya ga aikin ya yi mamaki.

Bai yi musu faɗa ba. Me zai ce? Abin da ya roƙa suka ba shi, iyakar saninsu, har da ƙari. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya ce, "Malama, ashe kunu na dama wa gara, na naɗe mata shi a roba." Ya fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa har tarin nan ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka, kukan haushi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda zan ji haushinsa. Ga shekara guda ta tafi, ga kujerar Ikko ta tafi, duk a kan kyautatawar wasu tsofaffi.

Alhaji bai nuna komai ba. "Ai gwaji ke nan, Injiniya," in ji shi. "A sake."

Aka sake. Wannan karon ya nemo zaren roba irin wanda masunta ke saƙa koma da shi, wanda gara ba ta ci, ya kuma sa aka ƙera masa bakin ƙarfe da zai toshe ƙarshen biyu. Zaren yana da santsi, yana yanka yatsu, dattawan suka yi ta fama da shi, aikin da a da suka gama da wuri ya ja lokaci. Injin Bompai ma ya fara wuyar samu. Zai je ran Lahadi ya tarar da get a kulle, mai gadi ya ce manaja ya tafi da makulli. Ya koma wata Lahadin a ce ba wuta. Ni kuma a kasuwa na lura silifas ɗin da ake sayarwa yanzu ba na Kano ba ne, wasu ne marasa nauyi masu rubutun waje. Na gaya masa, ya ce wannan ba ruwansa da tiyo.

Da ƙyar ya kammala na biyu aka kai lambun. Sai dai ganin Alhaji ya zama aiki. Yau yana Saudiyya, gobe yana Landan, in yana gari barandar cike take. Kowace Juma'a maigidana zai je gaisuwa don kada a manta da shi, ya zauna a benci ɗaya da masu neman kwangila da masu neman kujerar Makka. Wani lokaci ya samu a yi musabaha, a ce masa "Injiniya, ya aiki?", wani lokaci ya dawo bai ga kowa ba sai masu lambu. Na tsani Juma'ar nan. In na ga yana sa hula bayan an sauko daga masallaci sai in ji abinci ya fita raina. Na ce masa mutumin da yake son abinka shi ke nemanka. Ya ce manya suna da hidima da yawa.

Tiyon dai bai san ana yi ba. Ya sha bazara. Ya kwanta a bayan lemo damina guda, gara ta gina a kansa ta gaji ta bar shi. Ruwa ya ɗauke aka haɗa shi da famfo, wannan karon ba baƙi, ba Alhaji, daga maigidana sai mai lambu ɗaya. Ya yi ban ruwan rani gaba ɗaya, har wata bazarar ta leƙo, ba faci, ba kumburi. Masu lambun da suka yi gunagunin nauyinsa suka koma ba sa taɓa wani sai shi. Ranar da ya tabbatar ya dawo gida bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba. Ya wanke hannu ya zauna ya ce, "Ya yi, Malama." Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa, don duk tsiyar da na yi masa na san abin nan ya yi kyau.

Ya kai labari, aka ce Alhaji ya ji, zai neme shi. Muka zauna jira. Duk motar da ta rage gudu a bakin get ɗinmu sai ya ɗaga kai daga jarida. Ya fara kwashe 'yan kayansa daga ofis a hankali, yau kofin shayi, gobe dardumar salla, yana kawowa gida. Azumi ya zo ya wuce, ba wanda ya neme shi.

Wata Asabar da hantsi, maigidana ya fita, sai ga motar Alhaji ta shigo. Direbansa ne, wani dattijo mutumin Kazaure da muke gaisawa, ya fito da ƙunshi a naɗe cikin farar takarda. Ya rusuna ya miƙo mini.

"Hajiya, Alhaji ya ce a kawo wa Injiniya. Ya ce a gaya masa tiyo ya yi kyau ƙwarai da gaske. Allah ya yi albarka, Allah ya ƙara basira."

"Shi ke nan saƙon, Baba?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"Ya wajen Bompai? Ana dai aiki?"

"Ai an daina silifas tun kafin azumi. An tura injinan gefe an rufe da tamfol. Wurin sito ne yanzu, tireloli ke sauke kaya daga Ikko kullum. Har irin koren tiyon nan, kwali kwali, sun kusa taɓo rufi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, hira ce kawai a wurinsa. Na buɗe ƙunshin a gabansa. Babbar riga ce ta shadda, da 'yar ciki da wando, ta sha aiki har ciki, irin wadda albashin maigidana ba zai taɓa saya ba.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san ma'anar wannan. Babban mutum ba ya kallon idonka ya ce maka a'a. In yana son ku yi harka, kiranka zai yi. In ya aiko maka da riga, ya biya ka wahalarka ke nan, ya rufe maganar cikin mutunci, kuma in ka sake tayar da ita kai ne marar godiya. Na shiga ɗaki na ɗauko wa direban tukwici yadda aka saba, na ce ya ce an gode.

Na ajiye rigar a kan kujerar falo. Da maigidana ya dawo ya tsaya a kanta ya ce daga ina. Na ce daga gidan Alhaji. Bai tambaye ni saƙon ba. Na gaya masa duk da haka, har da maganar tamfol da kwalaye, don ba na so ya ji a bakin wani. Ya zauna a hannun kujerar, ya shafa aikin rigar da yatsa, ya ce mai ɗinkin ya iya.

Ba wani Alhajin da za a je wa. Duk masu masana'antar da muka sani hanya ɗaya suka bi a shekarun nan, sauke kaya ya fi ƙera shi sauƙi. Maigidana ya mayar da kofinsa da dardumarsa ofis, ya zauna a teburin nan har ya yi ritaya, muka bar musu gidan. Bai ƙara yanka roba ya leƙa ba, in kuma na tayar da zancen sai ya tambaye ni labarin makaranta. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar, bayan la'asar, ya yi wanka ya ce in miƙo masa rigar.

"Ina za ka?"

"Gidan Alhaji."

"Wallahi ba za ka ba. Ka je ka ce masa me?"

"In ce na gode. An yi mini kyauta, Malama. In ban je yau ba, gobe a ce ba ni da tarbiyya."

Na tsaya a bakin ƙofa da niyyar tare hanya, ya dube ni, sai na ga ba ƙarfin yin gardama ya rage masa ba, in na matsa zai zauna ne kawai. Na miƙa masa. Rigar ta yi masa yawa, ba a kansa aka ɗinka ta ba. Na tsaya a bayansa ina naɗe masa hannayen a kafaɗa, in ɗora wannan wancan ya zame.

"Ta zauna?" in ji shi.

Na ce masa ta zauna. Ya sa takalmi ya fita, ya bi gefen titi a ƙafa, yana tattare bakin rigar kada ta ja ƙasa.